Inda damo ba ya gudun mutum

Habu Kanada: Salamu alaikum jama'ar zaure. Na sauka gida shekaranjiya da dare, gajiyar kar daga Yamai ce ta hana ni leƙowa. Tun watan Satumba wasu ke bi na bashin bayani kan hotunan nan da na sa, har taubashiyata ta ce da kwamfuta na haɗa su. To ga bayani. Sunan wurin Galapagos, tsibirai ne na ƙasar Ekwado a Kudancin Amurka, can cikin tekun Fasifik, wajen kilomita 1,000 daga gaɓa. Ku ƙaddara daga nan Damagaram zuwa Yamai har a ɗan gota, amma duk ruwa. Kwana takwas muka yi cikin wani ƙaramin jirgin ruwa, mu 16 ban da ma'aikata. Da dare jirgi na tafiya, gari na wayewa sai ka gan ka gaban wani tsibiri dabam, a zuba ku cikin kwalekwalen roba a kai ku tudu. Dukkansu aman wuta ne ya tono su daga ƙarƙashin teku. Wani wurin ƙasa baƙa ƙirin, ba ciyawa ba itace, an ce 1897 dutsen wurin ya narke ya malalo, amma ka rantse jiya aka juye kwalta ta daskare, har da nannaɗe-nannaɗe kamar igiyar guga. Sai dai ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Dabbar can ba ta gudun mutum. Ko alama.

Uwar Biyu: Oyoyo Bature. Mu muna nan muna jiran turare da atamfa, ashe labarin ƙadangaru aka ɗauko mana. Kuma har gobe ban yarda da hoton tsuntsun nan mai shuɗin ƙafa ba. Wa ya sa masa takalmin roba?

Habu Kanada: Taubashiya, ke dai ba kya gajiya da tsokana. Haka Allah ya yi shi, kamar an tsoma ƙafar a karofi. Namijin ya tsaya gaban macen, ya ɗaga ƙafar dama a hankali ya nuna mata, ya ajiye, ya ɗaga ta hagu, sannan ya baza fukafukai ya miƙa baki sama ya yi fito. Ita kuwa tana kallon gefe kamar budurwar da kayan toshi ba su yi mata ba. Duk wannan a tsakiyar turbar da muke bi ne, mu muka ratse muka ba su wuri. Sunan da Turawa ke kiransa daga kalmar Sifaniyanci ya fito, bobo, wato wawa, don yana tsaye za a kai hannu a ɗauke shi.

Ɗan Kabu-kabu: Yaya Habu barka da zuwa. Nawa ake biya a shiga?

Habu Kanada: Kuɗin shiga gandun kaɗai dala 200, sai wani kati na dala 20 da ake yanka tun a filin jirgin Kito ko Gwayakil, manyan biranen Ekwado. Da dala 100 ne, a watan Agustan 2024 suka ninka shi.

Ɗan Kabu-kabu: Jika guda kacal? Wallahi ko yau na yi cinikin da ya fi haka. Yaya a nuna mini tasha.

Mushe Ali Ritaya: Yaro, ba dalarmu ta sefa biyar ba, dalar Amurka. Ita Ekwado ke kashewa tun shekarar 2000. Abin da Habu ya faɗa ya haura jika 100, kuma ko ƙafa ba ka sa cikin jirgi ba tukuna.

Ɗan Kabu-kabu: A'a. Allah ya ba mu lafiya, na ga nawa a hoto.

Likita Zainabu: Yaya Habu sannu da hanya. Ni damon nan baƙi nake son ka ba mu labarinsa, wanda suka hau bisa juna.

Habu Kanada: Yawwa ƙanwata, nan ne wurin. Tsibirin Farnandina ke nan, shi ne autan tsibiran, dutsensa ko a watan Maris na 2024 ya yi aman wuta. Mun sauka da sassafe, ruwa ya ja baya, ina tafiya bisa baƙin dutse sai ɗan jagora ya riƙe mini hannu. Ashe abin da zan taka ba dutse ba ne. Damo ne, ɗaruruwa, sun kwanta bisa juna suna shan hantsi, launinsu da na dutsen ɗaya. Na tsuguna ina kallon wani babba, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya mayar ya rufe. Can sai ya yi atishawa, wani farin ruwa ya fito ta hanci. Gishiri ne. Cikin teku yake nitso ya kankare gansakukar dutse ya ci, ruwan kuma sanyi gare shi ƙwarai, shi ya sa sai ya fito ya gasa jiki, gishirin da ya haɗiya ya fyato shi ta hanci har ya bushe masa a ka kamar farar hula. Duk duniya shi kaɗai ne jinsin ƙadangare da ke kiwo cikin teku. Na tuna lokacin da muke yara a Birni, mu hau duwatsu da danƙo, ƙadangare na hango inuwarka ya shige kogo. Wallahi kunya ce ta kama ni a gaban dabbar nan, ban san dalili ba.

Uwar Biyu: Dalili kuwa a fili yake, alhakin ƙadangarun Birni ne ya bi ka har bangon duniya.

Mushe Ali Ritaya: Rashin tsoron yana da dalili, ba tsafi ba ne. Tsibiran ba su taɓa haɗuwa da babban tudu ba, daga ƙasan teku suka fito tsirara. Duk abin da ke kansu, ko ya zo da fiffike, ko da iyo, ko bisa kututturen da ruwa ya kwaso daga gaɓar Amurka. Wa zai jure makonni bisa ruwan gishiri ba ci ba sha? Kunkuru da damo. Kura ko damisa ko dila ba za su kai ba. Saboda haka aka yi zamani mai tsawo babu babban mafarauci mai ƙafa huɗu, mutum ma bai zauna wurin sosai ba sai cikin shekarun 1800. Wani limamin Kirista na Panama, Tomas de Barlanga, da igiyar ruwa ta kai jirginsa can a 1535, ya rubuta wa sarkinsu cewa tsuntsayen wurin ko gudu ba su iya ba. Tsoro ma gado ne, wanda kakanninsa ba su ga abin gudu ba bai da abin da zai gada.

Likita Zainabu: Mushe ya yi gaskiya, amma a ƙara da cewa wannan rashin tsoron shi ya kusa ƙarar da su. Masu farautar manyan kifaye a shekarun 1800 sun mai da tsibiran rumbun nama. Sun gane kunkurun wurin yana iya kusan shekara ba ci ba sha, sai su kwashe su da rai, su kife su a cikin jirgi, in an bukaci nama a yanka ɗaya. Dubbai kan dubbai aka kwashe haka. Sunan tsibiran ma daga tsohuwar kalmar Sifaniyanci ta kunkuru ya samo asali.

Alhaji Dillali: Salamu alaikum. Ni rezo ya hana ni shiga tun ɗazu, ina kasuwar dabbobi. Habu ɗana, barka da sauka. Kunkurun da ka tsaya bayansa a hoto, da gaske ne ko kusa da kamara ya matso?

Habu Kanada: Baba Alhaji, da gaske ne. Manyan mazan suna wuce kilo 200, suna haura shekara 100. A tudun Santa Kurus muka gan su cikin gonakin mutane suna kiwo tare da shanu, wani ya kwanta cikin taɓo. In ka matso sai ya ja wuya ciki, ka ji iska ta fita fuuu kamar an sace tayar mota. Amma Baba, akwai labarin da na san ba zai yi maka daɗi ba. Don a ceci kunkurun nan, an harbe awaki sama da 140,000.

Alhaji Dillali: Ban gane ba. Sake faɗi.

Habu Kanada: Awaki, Baba. Tsakanin 1997 da 2006, a tsibiran Isabela da Santiyago da Pinta. Matuƙan jiragen da da masunta ne suka sake su don su riƙa samun nama, suka hayayyafa suka zama na daji. A Pinta uku kacal aka saki a 1959, kafin shekara 20 an kai wajen 40,000. Suka cinye ciyawa, suka cinye itatuwan da kunkuru ke fakewa yana samun inuwa da laima. Sai aka ɗauko maharba da jirgi mai saukar ungulu, aka bi su ta sama.

Alhaji Dillali: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Naman fa? Fatar fa?

Habu Kanada: Yawanci nan aka bar su.

Alhaji Dillali: Kai jama'a! Akuya 140,000. Shekara 35 ina wannan sana'a, ban taɓa ganin ko kashi ɗaya cikin goma na wannan a tsaye wuri guda ba, ko da jajibirin layya. Matar ƙauye da akuya biyu take aurar da ɗiya, ta sayi hatsi lokacin da rumbu ya ƙare. A ce an zubar da wannan dukiya don kunkuru? Kunkurun nono yake bayarwa ko kuwa? Wannan in ba hauka ba mene ne?

Malam Na Zango: Alhaji, ni ma abin ya taɓa ni. Shari'a ta yarda a kashe abin da ke cutarwa, amma almubazzaranci haramun ne. Da an yanka an raba wa mabukata ai da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Likita Zainabu: Baba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ni ma aikina awaki ne, kullum hannuna cikin su yake. Amma ka dubi wurin. Arewacin Isabela ba gari ba hanya, tsaunuka ne na aman wuta da dutse mai yanka takalmi. Akuyar da aka harba a bakin ramin dutse wa zai sauka ya ɗauko ta, ya kai ta ina kafin ta ruɓe? Kuɗin ɗaukar ya fi kuɗin naman nesa. Kuma akuya tana ko'ina a duniya, daga jar akuyar Maraɗi har ta Indiya. Kunkurun kowane tsibiri kuwa in ya ƙare ya ƙare ke nan, babu kasuwar da za ka je ka sayo iri. Mu ma ai mun san baƙon abu in ya samu wuri. Dubi yadda garmani ya cinye makiyaya, ga kacalla ta toshe tafkuna. Da akwai jirgin da zai harbe garmani, Baba da kai za ka fara ba da gudummawar mai.

Alhaji Dillali: Garmani ba ya da rai irin na akuya, ɗiyata. Kada ki haɗa.

Habu Kanada: Bari in ƙarasa muku, don ƙarshen ya fi ban tausayi. Da awakin suka ragu sai suka koyi ɓuya, da sun ji ƙarar jirgi su shige kogo. Sai aka kama wasu, aka yi musu aikin hana haihuwa, aka ɗaura musu na'ura a wuya aka sake su. Kun san akuya ba ta zama ita kaɗai, sai ta nemi ƴan uwa. Maharba su bi na'urar, su harbe garken duka su bar ta, ta sake tafiya neman wasu. Suna ce mata akuyar Yahuza, da sunan wanda Kiristoci suka ce ya ci amanar Annabi Isa.

Uwar Biyu: Wayyo. Ita ba ta san ma ita ce annobar ba.

Alhaji Dillali: Na fita daga wannan magana. Allah ya isar wa awaki.

Ɗan Kabu-kabu: To kunkurun da aka yi duk wannan dominsa, ya tsira?

Habu Kanada: Wani ya tsira, wani an makara. Na Pinta guda ɗaya tak aka samu a 1971, namiji. Aka kai shi cibiyar bincike ta Santa Kurus, aka sa masa suna Joj, ana masa laƙabi da makaɗaici. Shekara 40 ya yi can, an sha kawo masa mata daga dangi na kusa, ƙwai bai taɓa ƙyanƙyashewa ba. Ya mutu ranar 24 ga Yunin 2012, irinsa ya tafi da shi. Na ga gawarsa, an busar an sa cikin gilashi a ɗaki mai sanyi, wuya a miƙe. Amma na tsibirin Espanyola, da saura 14, aka ƙaro wani namiji daga gidan namun dajin San Diyego na Amurka, suka zama 15. Daga su aka samu wajen 2,000, kuma shi wannan baƙon, Diyego, an ce ɗaruruwa nasa ne. A 2020 aka sallame shi aka mai da shi tsibirinsu.

Uwar Biyu: Ka ga namiji. Joj kuwa ashe tuzuru ne irin wani da na sani a Kanada.

Habu Kanada: Za mu haɗu gidan Inna da yamma, ki maimaita.

Malam Na Zango: Malam Habu, tambaya biyu. Yaya ka yi da salla cikin jirgi? Sannan wurin nan ba shi ne na Baturen nan da ya ce kakanmu biri ne ba?

Habu Kanada: Allah gafarta Malam, lokaci bai ba ni wahala ba, don wurin yana kan layin da ya raba duniya biyu, rana na fitowa wajen ƙarfe shida ta faɗi wajen shida. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, salula ta nuna mini. Matsalar ita ce jirgi in ya tsaya yakan juya da iska, ka kabbara kana duban wani dutse, ka sallame dutsen na bayanka. Dare biyu kuma a zaune na yi, saboda hajijiya da amai. Daga Yuni zuwa Nuwamba teku ba ya kwanciya, ni kuwa ɗan Damagaram, ruwan da na sani na bido ne. Abinci kifi na riƙe da shinkafa da ayaba.

Malam Na Zango: Sallarka ta yi in sha Allahu. Mai iko ya tsaya, ya juya in jirgi ya juya, wanda ya kasa ya zauna. Saura ta biyun.

Mushe Ali Ritaya: Malam, bari in karɓa masa, don shekara 30 ina koyar da wannan a lakwal. E, Darwin ya je can a 1835, sati biyar ya yi. Abin da ya gani ba biri ba ne. Ya lura wasu tsuntsaye na wannan tsibiri sun ɗan bambanta da na wancan, kuma mataimakin gwamnan wurin ya gaya masa in ya ga ƙoƙon kunkuru zai iya faɗin tsibirin da ya fito. Inda ciyawa ke ƙasa, ƙoƙon a dunƙule yake kamar an kife ƙwarya. Inda fari ya yi yawa, abinci na sama, gaban ƙoƙon ya ɗage kamar sirdi don wuya ya miƙe. Alhaji zai fi ni sanin wannan: saniyar Azawak, da jar saniyar Bororo, da Kuri ta tafkin Cadi mai kumburarren ƙaho, duk saniya ce, kowacce ta dace da ƙasarta. Kuma masu wannan ilimi ba su ce birin da ke yawo yau ya haifi mutum ba, cewa suka yi asali ɗaya ne can da nisa.

Malam Na Zango: Mushe, bambancin saniya da saniya ba wanda ya yi musu, ikon Allah ne. A suratul Ankabut ma an ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Ya fara halitta, don haka ban ga laifin tafiyar Habu ba. Amma wannan "asali ɗaya" da ka sakaya a ƙarshe, nan muka rabu. Mu Annabi Adamu muka sani, daga yumɓu.

Mushe Ali Ritaya: Ni ma sahu ɗaya nake bi da kai, Malam. Amma abin da aka tono aka auna ba zan ce wa yara babu shi ba.

Malam Na Zango: Awon mutum yana canzawa, Mushe.

Mai Kula da Zaure: Dattawa, don Allah. Bara wannan maganar ta sa mutum huɗu suka fice daga zauren nan. A koma kan damo.

Ɗan Kabu-kabu: Yawwa, damon. Malam ya halatta a ci?

Malam Na Zango: An kawo wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, gasasshen damo, bai ci ba, ya ce ba a san shi a ƙasar mutanensa ba, Khalid bin Walid ya ci a gabansa bai hana ba. Amma na can, ka tambayi Habu me hukuma za ta yi maka.

Habu Kanada: Ko taɓawa ba a yi. Doka ce mita biyu tsakaninka da kowace dabba. Wani ɗan abin da suke kira zakin teku, ni dai kare na gani marar ƙafa, ya jawo ciki ya zo yana shinshinar wandona, ɗan jagora ya ce in ja da baya a hankali, don in warin mutum ya kama shi uwar tana iya ƙin sa. Ba a sauka sai da ɗan jagora mai lasisi, shi ma kada ya wuce mutum 16. Ba a fita daga turba, ba a ɗaukar ko tsakuwa, ba a kunna fitilar kamara. Jirgin da ya fi mutum 100 ba a ba shi izinin yawo, kuma hukumar gandun ce ke tsara wa kowane jirgi inda zai tsaya da ranar. Duk dawowa sai an wanke mana takalma, kada ƙwayar ciyawar wannan tsibiri ta bi mu zuwa wancan. Kashi 97 cikin 100 na ƙasar gandu ne tun 1959.

Uwar Biyu: To Habu, wasa a gefe. Mu nan Garin Malam kwana huɗu ke nan famfo bai ɗiga ba, ɗan ga-ruwa sai ka yi masa magiya. Kai ka kwashi kuɗin da ban san iyakarsu ba ka je kallon damo na atishawa. Ko Umra ce ai da mun ce ka yi mana addu'a. Ba hassada ba ce, tambaya ce.

Habu Kanada: Tambaya ce mai kyau, kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da ke. Shekara uku ina tari, sannan na samu gurbin da wani ya fasa, aka rage mini. Ban fasa aiken da nake yi gida ba, kin sani. Amma ba zan ce miki ibada na je yi ba, sha'awa ce tun ina ajin Mushe. Abin dariyar, su ma can ƙishirwa suke. Tafkin ruwan daɗi na kirki guda ne, a San Kiristobal. Cikin jirgi ruwan teku ake tacewa, ana roƙonmu mu taƙaita wanka. Na ce musu ni daga garin da aka ƙware a wannan na fito.

Likita Zainabu: Ni abin da ke ci mini rai dabam ne. Yaya Habu, ka taɓa zuwa Gidimuni?

Habu Kanada: Wucewa dai a mota.

Likita Zainabu: Ka gani. Tafki ne da duniya ta san da shi saboda tsuntsaye, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga ƙofar gidanku. A Kelle, can ƙasar Gure, ana kiwon jiminar Sahara don kada irinta ya ƙare. Gandun Tarmit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 yana cikin mafi girma a Afirka, wani yankinsa a jiharmu yake. Can ne mafakar farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, wadda a ƙidayar 2016 uku kawai aka gani. Mena da muke wa ƙungiyar ƙwallonmu kirari da ita, barewa ce ta gaske, kuma saura kaɗan a duniya. Cikin masu ihu a filin wasa mutum nawa suka san haka? Joj ɗinmu yana nan tsaye a bayan gida, ba wanda ya sa masa suna.

Ɗan Kabu-kabu: Anti Likita, gaskiya ne, amma wa zai je? Tun abin da ya faru a Kure a watan Agustan 2020, da aka kashe mutum takwas, wane baƙo ke zuwa kallon dabba? Tarmit kuwa ko an ba ni mai kyauta ba ni zuwa. Kuma barewarmu tana hango ƙurar mota ta ɓace, me za a kalla?

Mushe Ali Ritaya: Tana gudu don an koya mata gudu, da mota da bindiga. Amma ka ambaci Kure. Raƙuman dawan wurin 49 suka rage a 1996, yanzu sun haura 600, har aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a 2018. Cikin gonakin mutane suke yawo suna cin wake, kuma mota na tsayawa kusa da su ba su kula. Da aka daina harbi, tsoron ya ragu cikin shekaru kaɗan. Ba sai tsibiri ba.

Alhaji Dillali: Manomin da aka cinye wa wake an tambaye shi?

Uwar Biyu: Baba Alhaji ashe ba ka fita ba.

Alhaji Dillali: Ina nan ina jin ku.

Habu Kanada: Baba ya taɓo inda ke ciwo, can ma haka ne. Masunta sun sha yin rigima da hukumar gandun kan abin da aka hana su kamawa. Kuma kada in yi muku ƙarya cewa aljanna ce. Mazauna wajen 30,000 ne, baƙi kuwa sun haura 300,000 a 2023. Abincin wannan taro da jirgi ake kawo shi, kowane jirgi kuma yana iya shigo da ɓera ko tururuwa ko ƙuda. Akwai wani baƙon ƙuda da tsutsarsa ke shan jinin ƴan tsakin tsuntsaye cikin sheƙa, har yanzu ana fama da shi. Ɗan jagoranmu haifaffen can ne, ya ce kuɗinmu ne ke biyan masu gadi, ƙafarmu kuma ita ke kawo ɓarna. Na ce to mu daina zuwa? Ya yi dariya ya ce yana da ƴaƴa uku a makaranta.

Uwar Biyu: Likita, tun da ana maganar kunkuru. Wanda ke gidan Inna, tun kafin a yi mini aure yake nan, yanzu sai mutum biyu ke ɗaga shi. Ya haƙa rami ƙarƙashin katanga har ta tsage. Shi ma ɗan Galapagos ne?

Likita Zainabu: Namu ne na Sahel, Yaya, kuma shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, daga na Galapagos sai na tsibirin Aldabra sai shi. A daji ya yi ƙaranci ƙwarai, kamawa da yawan kiwo sun rage shi, yanzu a gidaje aka fi ganinsa. Ramin nan gudun zafi yake yi, kada a toshe. Me kuke ba shi?

Uwar Biyu: Ragowar tuwo, wani lokaci shinkafa da miya.

Likita Zainabu: Haba Yaya! Ciyawa da harawa da ganye. Tuwo na lalata masa ƙoƙo. Kuma in an huda bayansa an ɗaure da igiya, don Allah a kwance.

Habu Kanada: An huda. Ni na riƙe shi aka huda, ina aji uku.

Uwar Biyu: Ka ji mai mita biyu. Da yamma in ka zo sai ka tsaya daga zaure ka ɗauke shi hoto, jika 100 kuɗin shiga, Inna za a ba. Jama'a ku yi haƙuri, yara na ihu wai ruwa ya zo, bari in tattara bidoji kafin ya ɗauke.

Alhaji Dillali: Habu, ka biyo ta kasuwa gobe. Ina so ka sake yi mini lissafin awakin nan baki da baki.